Karyar da Na Tsinta a Mahuta, da Tarihin Karen Farauta a Ƙasarmu

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, da kuma waɗanda suka ce sun fi jin daɗin karantawa.

Yau tarihin kare za mu yi. Eh, kare. Na san tun yanzu wani ya yamutsa fuska, ya ce duk matsalolin da suka dame mu a rasa abin tattaunawa sai wannan? To ka yi haƙuri ka bi ni zuwa ƙarshe, za ka ga ashe maganar tamu ce. Sannan masu rubutu ba ƙugiya ku kula, karya na ce na tsinta, wato macen kare. Ba ƙarya na zo shara muku ba.

Yadda abin ya faro

Ni ɗan Mahuta ne, hedikwatar ƙaramar hukumar Fakai a masarautar Zuru, jihar Kebbi. Duk ɗan yankinmu ba zai manta da watan Maris na 2022 ba, lokacin da 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a ɓangaren Sakaba, aka rasa sama da mutum 60. A wannan tsakanin ƙauyuka da dama sun watse. Za ka ga mata da yara da ƙullin kaya a ka, sun shigo gari ba su san inda za su kwana ba. Mu matasa muka riƙa zagayawa muna tara ƙwaryar dawa, tsofaffin tufafi da tabarmi muna kai musu.

Ana cikin azumin shekarar, wata rana da la'asar sakaliya ina dawowa a kan babur, sai na tarar da yara sun yi cincirindo a bakin wani kwalbati suna jifa. Na ɗauka maciji ne. Ina leƙawa sai na ga karya ce ja, mai dogayen ƙafafu da tsukakken ciki, haƙarƙarinta duk a waje har kana iya ƙirgawa. Kaska ta cika mata kunne, ƙafarta ta baya ɗaya a kumbure. Ba ta yi haushi ba, ba ta yi gurnani ba, kallona kawai take yi. Abu biyu na lura da su: an yanke mata gefen kunnen hagu da wuƙa, yanka mai tsari, kuma akwai wata tsohuwar igiyar fata a wuyanta. Wannan ba karen bola ba ne. Da mai ita.

Na kori yaran, na samo ruwa a wani fasasshen kasko na tura mata da sanda. Ta shanye. Ni da ke azumi ina tsaye ina kallonta, wallahi sai na ji ba zan iya tafiya in bar ta ba. Na roƙi wani mai kura ya ɗora min ita a kan buhu har ƙofar gida.

A nan rigima ta tashi. Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunana. Tana leƙowa ta ce, "Kai wannan, mene ne haka? Karatun da aka kashe maka kuɗi ka yi ke nan, ka kwaso min najasa cikin azumi? Mala'iku ma ba sa shiga gidan da ke da kare." Ƙanwata mai shekara 9 kuwa har ta ruga ta ɗebo ƙanzo. Baba bai ce komai ba sai da aka sha ruwa, sannan ya ce, "Kakanka ya yi kiwon irinsu har bakwai. A bar ta a bayan danga kwana uku, in ta tashi ta san hanyarta."

Wannan magana ta Baba ta tsaya min a rai. Kakana na da karnuka bakwai, ni jikansa ban ma san haka ba. Me ya faru tsakanin zamaninsa da nawa har kare ya koma abin jifa? Wannan tambayar ce ta sa na shiga karance-karance da zama wurin dattawa, kuma abin da na samo shi na kawo muku.

Daga ina kare ya zo?

Masana sun yi ittifaƙi cewa kare shi ne dabbar farko da ɗan Adam ya fara sabawa da ita, tun kafin saniya, tun kafin akuya, kai tun ma kafin a fara noma. Asalinsa daga kyarkeci ne. A wani wuri da ake kira Oberkassel kusa da birnin Bonn a Jamus, an tono kabari mai kimanin shekara 14,000 inda aka binne mutum biyu tare da ɗan kare. Binciken haƙoran karen ya nuna ya sha doguwar jinya tun yana ƙarami, irin jinyar da ba zai rayu ba in ba wani ne ya kula da shi ba. Kun ga tausayin kare ba Bature ɗan zamani ne ya ƙirƙiro shi ba.

Kare ba a Afirka ya samo asali ba, shigowa ya yi ta Gabas ta Tsakiya, kuma an samu ƙasusuwansa a Masar da suka kai kusan shekara 7,000. A arewacin Saudiyya, a wuraren da ake kira Shuwaimis da Jubba, akwai zane a jikin duwatsu da aka ƙiyasta ya kai shekara 8,000, ga maharbi da bakansa, ga karnuka kewaye da shi, wasu har da igiya ɗaure a ƙugunsa. A duwatsun Tassili da ke kudancin Aljeriya ma akwai irin wannan zane, tun zamanin da Sahara ke da ciyawa da tafkuna. In ka kalli hotunan za ka ga kare siriri mai dogayen ƙafafu da lanƙwasasshiyar wutsiya. Ranar da na fara gani sai da na ɗaga kai na kalli wadda ke kwance a bayan dangarmu.

A Masar ta zamanin Fir'auna kuwa har sunayen karnuka aka rubuta. A 1935 wani mai tonon kayan tarihi ɗan Amurka, George Reisner, ya gano wani allon dutse a Giza da ke ba da labarin wani kare mai gadin sarki, mai suna Abutiyu. Da ya mutu sarki ya sa aka yi masa akwati da likkafani da turare. Yau fiye da shekara 4,000 ke nan.

Wani abu kuma da ya kamata mu sani. A 2009 masu bincike daga jami'ar Cornell ta Amurka sun gwada jinin karnukan ƙauye 318 a Masar, Yuganda da Namibiya. Suka gano mafi yawansu tsohon iri ne na Afirka, ba ragowar karnukan Turawa da suka gauraye ba. Wato wannan da muke rainawa muna cewa "karen gida ne kawai", asalinsa ya girmi na mafi yawan karnukan da ake sayowa da tsada daga waje, domin akasarin nau'o'in Turai a cikin shekara 200 da suka wuce aka tsara su.

Kare da maharbi a ƙasar Hausa da ƙasar Zuru

Ka je gari goma a Arewa ka tambayi wa ya sari garin, a da yawa za a ce maka wani maharbi ne ya fara zama a gindin wata kuka ko tsamiya. Kano kanta haka ne. Tsohon littafin tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya fara ne da labarin mutanen dutsen Dala da shugabansu Barbushe, wanda aka siffanta shi da gagarumin mai kashe giwa. Littafin ya ambaci baƙaƙen karnuka cikin abin da ake kai wa Tsumburbura. Ke nan kare na nan tare da mutanen Kano tun kafin Musulunci ya kafu a birnin. Har yau kuma akwai sarautun Sarkin Baka da Sarkin Dawa a masarautu da dama.

Mu kuma a nan, ƙasa ce ta duwatsu da kurmi. Lelna da Hausawa ke kira Dakarkari, da Fakkawa, da Dukkawa, da Kambari, da Hausawa da Fulanin da muka zauna tare, an san yankin da noma, kokawa, farauta da aikin soja. Saurayin da ya yi shekaru yana noman golmo a gonar surukai, wanda ya yi kokawa a bikin Uhola, shi ne dai da rani zai saɓa gora ya kira karensa ya shiga daji. Jarumtar da ta sa sunan Zuru ya cika barikokin Najeriya, a gona da daji aka fara koyonta.

Dattawa sun bambance min abu biyu. Akwai harbi, akwai farauta. Maharbi shi kaɗai yake fita ko su biyu, da baka da kwari da kibiya mai dafi, daga baya da bindigar toka. Shi sanɗa yake yi, wani lokaci ma ba ya son kare kusa don kada ya tayar masa da nama. Farauta kuwa ta gayya ce. Bayan an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, sai a sa rana, a aika garuruwan maƙwabta. Da asuba a buga gangi, kowa ya fito da kulkinsa da addarsa da karnukansa, 'yan tauri na kirari. A ja dogon layi a riƙa kora. Zomo ya tashi, gada ta tashi, gafiya, gyazbi, zabin daji, in an yi sa'a har mugun dawa. A nan ne kare ke nuna kansa, domin zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Kuma abin da doka. Wanda ya fara jifa ya samu, ko wanda karensa ya fara kamawa, shi ke da nama. A kan wannan ne ake samun rigima har a zare wuƙaƙe, shi ya sa ba a fita sai da manya masu raba gardama. Kare kuma yana da rabonsa, kayan ciki nasa ne, a wurin ake ba shi kafin a dawo gida.

Horon ma ilimi ne. Tun yana kwikwiyo ake zaɓa, a duba faɗin ƙirji da tsawon ƙafa. A fara masa da ɓera da kurege, a haɗa shi da tsohon kare ya riƙa bi. Babban darasin shi ne ya kama ya riƙe, kada ya ci. Kowane mai kare da irin fito ko kiran da nasa suka sani. Ga alama a kunne don kada a yi musu. Sunayen kuma sau da yawa habaici ne, mutum zai raɗa wa karensa sunan da in ya ƙwala kira, maƙwabcin da suke 'yar tsama ya ji saƙo.

Gaskiya guda da ba zan ɓoye ba: a ƙasar Zuru akwai 'yan uwanmu da ke cin naman kare, al'adarsu ce tun kaka da kakanni, kamar yadda ake yi a sassan Filato da kudu maso kudu. Kasuwar Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a Filato ta yi suna wajen cinikin karnuka, har daga jihohin Arewa da Nijar ake kai su. A gida ɗaya a nan za ka samu Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya, kowa ya san iyakar ɗan uwansa. Wani abokina har tsokanata yake yi, wai in ta yi ƙiba in tuna da shi.

Abin da Malam ya ce

Kwana uku suka cika, karya ba ta tafi ba, Inna kuma ba ta sauko ba. Sai na je wurin malamin da ya karantar da ni Ishmawi da Risala. Na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da na jawo wa kaina."

Ya yi dariya, ya ce in buɗe Suratul Ma'ida aya ta 4, inda aka halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo wa mai ita in an ambaci sunan Allah. Ya tuna min da karen Ashabul Kahfi, da hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Sannan ya ce akwai hadisin da ya nuna ladan mutum na raguwa kullum in ya ajiye kare haka kawai, amma an togace na farauta, na kiwo da na gadin gona.

Game da najasa, ya ce a mashhurin mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai jikinsa da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallage a ciki bin umarni ne. Shafi'iyya da Hambaliyya su ne suka tafi a kan najasarsa. Ya ba ni labarin da masu sharhin Risala ke kawowa, cewa mai littafin kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan da ya rasu a 996, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin wannan zamani da abin da ya fi kare ma zai ajiye. Akwai ma wani malamin Bagadaza, Ibn al-Marzuban, da ya rasu a 921, wanda ya rubuta littafi sukutum a kan amanar kare idan aka gwada da ta mutane da yawa.

Hukuncin da Malam ya yanke mana mai sauƙi ne. Gidanmu akwai awaki da rumbu, ga halin da ake ciki na tsaro. A yi mata wuri kusa da turken awaki, kada ta shiga ɗakunan kwana da wurin sallah, a ware mata kwanonta. Ya ce, "Je ka gaya wa mahaifiyarka ni na ce. In akwai laifi a wuyana." Inna ta ji, ta ce to, amma ita ba ruwanta. Ƙanwata ta raɗa mata suna Tsintuwa.

Haukan kare: inda tsoron Inna yake da gaskiya

Kada wani ya karanta wannan ya je ya rungumo karen da ya gani a hanya. Ni ma da na kira likitan dabbobi faɗa ya yi min, ya ce sa'a na ci. Cutar haukan kare ba wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamominta sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi.

Abin takaicin shi ne maganin ya daɗe. Tun ranar 6 ga Yulin 1885 Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro, Joseph Meister, allurar farko bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron ya rayu. A nan gida, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos tana nan tun 1924, kuma tana haɗa allurar rigakafin karnuka. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar kan yanke a wurin.

Don haka ku riƙe wannan. In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a nufi asibiti a ranar don allura. Kada a tsaya shafa gashin karen ko jiran a ga abin da zai faru. Mai kare kuma ya yi masa rigakafi tun yana wata 3, ya riƙa sabuntawa yadda likita ya ce. Tsintuwa sai da aka killace ta aka sa mata ido, aka yi mata allura, aka ba ta maganin tsutsa da na kaska, kafin na bar ƙanwata ta taɓa ta.

Me ya kashe farauta?

Abubuwa ne suka taru. Turawan mulkin mallaka sun kafa dokar kare namun daji a 1916, gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1963. Aka killace dazuzzuka irin su Yankari, da Borgu da Zugurma da suka zama gandun dajin Kainji, da Kamuku a Birnin Gwari. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka cinye kurmi, masu gawayi da katako suka ƙarasa sauran. Mu faɗi gaskiya, mafarautan ma da nasu laifin, domin cinna wa daji wuta da kashe mai ciki da ƙanana ya taimaka wajen ƙarar da naman. Boko ta zo, ɗan maharbi ya fara jin kunyar sana'ar ubansa. Na ƙarshe kuma mafi muni, dajin kansa ya koma hannun 'yan bindiga. Da aikin kare ya ƙare sai darajarsa ta bi.

Amma ku ji abin da wasu suka yi da irin abin da muka yar. A arewa da mu, a kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, Buzaye na da wani kare siriri mai gudun tsiya da suke kamun barewa da zomo da shi. A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, Yugoslabiya da Faransa. Aka rubuta siffofinsa, aka buɗe masa rajista da sunan Azawakh. A watan Janairun 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta amince da shi a hukumance. Yau ana baje kolinsa a manyan biranen duniya. Ba na cewa Tsintuwa Azawakh ce, amma duk wanda ya ga tsayuwarta zai ga kama. Mu kuwa ɗan gayunmu a Abuja ko Kaduna zai zuba dubban ɗaruruwa ya sayi kare mai gashin ƙasar sanyi, ya zo yana haki a zafin watan Afrilu, kullum a asibiti.

Ranar da mai ita ya bayyana

Bayan kamar wata huɗu, ta murmure, gashinta na sheƙi. Ranar wata kasuwa ta biyo ni, sai na ji wani irin fito daga bayana, gajere sau biyu, dogo sau ɗaya. Kafin in juya ta fizge igiya. Na same ta tana birgima a ƙafafun wani dattijo mai furfura, shi kuma ya durƙusa a tsakiyar kasuwa yana share hawaye da hular kansa.

Na ce, "Baba, taka ce?"

Ya ce, "Ɗana, a hannuna aka haife ta. Uwarta tawa ce, kakarta ta mahaifina ce. Gobe-da-nisa nake ce mata."

Ya ba ni labari. Daren da aka shiga ƙauyensu, haushin karnuka ne ya tashe su, shi ya sa da yawa suka samu suka tsere. Karnukansa huɗu, biyu an harbe su a ƙofar gida, ɗaya bai sake ganinsa ba. Ita ta biyo su da rauni, a hanya ta kasa, shi kuma yana goye da jika. Ya ce tun ranar bai yi barci mai daɗi ba.

Gabana ya faɗi, don na san ƙanwata za ta yi kuka. Duk da haka na miƙa masa igiyar. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya mayar min. Ya ce su tara ne a ɗaki ɗaya na aro, abin da za su ci ma sai an ba su. "In na tafi da ita yunwa za ta kashe ta, ko in wayi gari an sayar. Amana na ba ka. Ranar da daji ya zama namu, zan zo in karɓi ɗiyarta."

Tun daga nan duk Juma'a yakan zo gidanmu. Rabin abin da na gaya muku a kan farauta daga bakinsa na ji, na kuma naɗa a waya. Inna da ta ce ba ruwanta, ita ce yanzu ke ajiye ƙanzo da romon kashi, tun daren da haushin Tsintuwa ya sa ɓarayin awaki suka tsallake danga ba su ɗauki komai ba. Da ta haihu 'ya'ya biyar, biyu na kai wa Baba maharbi. Har yau bai koma ƙauyensu ba.

Mu da ake kira karnukan farauta

Ga inda maganar ta dawo kanmu. A Hausar yau in ka ji an ce "karen farauta", da wuya a ce dabba ake nufi. Matashi ake nufi, wanda ɗan siyasa ke sakawa ya yi zagi a Facebook, ko ya tarwatsa taron abokin hamayya. A zaɓen 2023 na ga abokaina da muka yi makaranta tare sun ɓata da juna saboda kuɗin data. Ni ma an yi min tayi, kuma ba zan ce ban yi tunani ba, don lokacin ba ni da aiki.

Da na ba Baba maharbi wannan labari sai ya ce an ci mutuncin kare. Ya ce shi bai taɓa cin abinci karensa na jin yunwa ba. In ƙaya ta soke shi, shi ke cirewa. In mugun dawa ya farke shi, a kafaɗa yake ɗauko shi. In an kama nama, rabonsa na farko ne. In ya tsufa ba ya korarsa. Ya ce, "Wanda ke aiken naku, wanne daga ciki yake yi muku?" Ban samu amsa ba. Ku da ke cikin harkar, ku amsa wa kanku.

Su ma mafarautan ainihi haka ake yi da su. A 2014 da Boko Haram ta kama Mubi, mafarauta na cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato garin. A yankinmu su ne suka san kowace hanya a daji, su ake sa wa gaba. Amma a watan Maris na 2025, mafarauta 16 da ke hanyar komawa Kano daga kudu aka tare su a Uromi ta jihar Edo aka kashe su, saboda an ga bindigogin toka a motarsu. Sana'ar da ta kafa garuruwa, yau mai ita ba shi da wata shaidar da za ta kare shi a kan hanya.

Abin da nake roƙo guda huɗu ne, kuma ba wanda ya fi ƙarfinmu. Na ɗaya, duk mai kaka ko maƙwabci maharbi ya zauna da shi ya naɗi muryarsa, da Hausa ko C'lela ko Fakkanci, kafin ƙasa ta rufe. Na biyu, ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ƙungiyoyin matasa mu haɗa kai da ofishin dabbobi na ƙananan hukumominmu a yi wa karnukan unguwa allura. Na uku, muna da Jami'ar Noma ta Tarayya a Zuru, ɗalibanta masu neman abin da za su yi bincike a kai, ga karen gida nan, su rubuta siffarsa da irinsa. Na huɗu, in ka ga yara na jifan dabba ka tsawatar. Ba dole ne ka so kare ba, ba dole ne ka ajiye shi ba, amma yaron da ya saba jin daɗin kukan abin da ba shi da gata, ba a nan zai tsaya ba.

Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Mu ne 'yan bana, sai mu zaɓi abin da za mu kora da wanda za mu kora wa.

Yanzu haka da nake wannan magana tana kwance a bakin zaure, ta ɗora haɓa a kan takalmina. In akwai mai labarin karen kakansa, ko sunan habaicin da aka taɓa raɗa wa wani kare a garinsu, ya turo mana, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa. Sai mun sake haɗuwa, na bar ku lafiya.